Ƙeya a Gaban Kyamara: Tsokaci Kan Hotunan Ojeikere

Duk wanda ya taɓa shiga shagon mai hoto ya san umarnin da akan ba shi: gyara zama, ɗaga haɓa, dubi nan, kada ka ƙifta. Watau a wurin yawancinmu fuska ita ce hoto, sauran jiki kuwa rakiya ya yi mata. To, marigayi J. D. Okhai Ojeikere, wanda aka haifa a 1930 ya rasu a Legas a 2014, sai ya riƙa sa mata su juya wa kyamara ƙeya. A kan wannan juyi ne nake so in yi ɗan tsokaci.

Ya sayi kyamararsa ta farko a 1950, ya yi aiki a ɗakin wanke hotuna na Ma'aikatar Watsa Labarai a Ibadan. Daga 1968 ya shiga ɗaukar hotunan kitson matan Nijeriya, har ya tara wajen 1,000, baƙi da fari.

Mai karatu ya ɗauki hoton nan na kitson zare da Yarabawa ke kira Onile Gogoro, watau dogon bene. Babu labule mai furanni a bayan matar, babu kujera, babu agogon aro. Kai ne da wuya kawai, sai fili fayau. Da yake ido bai sami fuskar da zai tsaya yana yi wa hukuncin kyau ko muni ba, dole ya koma kan gashin: yadda tsaga ta raba fatar kai kamar kunyoyin gona, yadda kowane sili ya miƙe ya haɗu da ɗan'uwansa a sama, da inda haske ya kwanta a kan zaren. Lalle a nan ne gwanintar mutumin take. Sau nawa muka wuce ƙannenmu a tsakar gida an danne musu kai ana yi musu shuku, ba mu ko waiwaya ba? Ni dai sai da na ga hotunan nan na lura cewa makitsiya tana auna kai kamar yadda magini ke auna fili kafin ya sa tubali. Kitso kuwa bai fi 'yan makonni ba ake tsefe shi, don haka abin da ya adana ba ƙarami ba ne.

Amma fa akwai inda nake da ja, ko da yake ra'ayi riga ne. Sunan da hoton ke ɗauke da shi na kitson ne, sa hannun kuma na mai kyamara. Ita wadda ta share sa'o'i tana tsaga da ja da naɗi fa? Lokacin da aka baje hotunan a babban baje kolin fasaha na Benis a Italiya a 2013, Ojeikere aka yaba wa. Ban ce ya yi satar fasaha ba, domin shi ya zaɓi hasken da kusurwar, kuma ba don shi ba da wasunmu ba su san an taɓa yin irin wannan kitso ba. Sai dai hannu biyu ne suka yi aikin, ɗaya kawai muka san sunansa. Ɗalibin da zai ɗauki kyamara ya nufi gidan kitso a unguwarsu, ina ba shi shawara ya tafi da littafi da alƙalami, ya fara tambayar makitsiyar sunanta, da wadda ta koya mata.