Faɗakarwa a kan sunka da suka

Ka sani, ya kai ɗalibi, mai wannan waƙa da Hausar yamma ya tsara ta, ta Gobir da Adar da Sakkwato. Shi ya sa za ka ga sunka, munka, anka, shina, ɗiya, biyat, da tahi da ha a gurbin fa. Na bar su yadda ya ajiye su.

Wani mai kwafa ya mai da su suka, muka, aka, yana zaton gyara ne. Ban bi shi ba, saboda dalili biyu. Na farko aruli: gaɓar farko ta sunka mai nauyi ce, mutaharriki da sakini, ta suka kuwa sassauƙa ce. In aka cire nun ɗin, baiti ya karye, mai rerawa sai ya ja wasalin da babu shi. Na biyu, lafazi shaidar ƙasar mawallafi ne. Wanda ya goge shi ya ɓatar da asalin takarda.

Haka waƙoƙin Nana Asma'u suke, ba malamin da ya kira shi lahani. Almajirin Damagaram ya karanta yadda aka rubuta, ya fassara da bakin garinsu. Wallahu a'alamu.