Dariya da dabara a cikin fim ɗin «Cocorico ! Monsieur Poulet»

1. Gabatarwa

Idan ana zancen silima a Nijar, akan fara ambaton finafinai masu ɗauke da babban saƙo, kamar Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1972. Fim na ban dariya kuwa, sau da yawa akan ɗauke shi abin rage dare, wanda bai cancanci nazari ba. A cikin wannan ƴar maƙala za mu dubi ɗaya daga cikin irin waɗannan finafinai, wato Cocorico ! Monsieur Poulet (1974), domin mu gano abin da ke sa mai kallo ya fito daga kallonsa da sanyin zuciya, alhali labarin duka na asara ne da wahalar hanya. Ra'ayinmu shi ne: daɗin wannan fim yana fitowa ne daga yadda yake ba talaka mai dabara girmansa, ya sa mu yi dariya tare da shi. Za mu kuma nuna inda wannan girmamawa ta tsaya.

2. Labarin da masu shi

Fim ɗin na ɗauke da sa hannun «Dalarou», sunan da aka harhaɗa daga farkon sunayen mutum uku: Damouré Zika, Lam Ibrahim Dia da Jean Rouch. Rouch ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniya, kuma tun lokacin ya san Damouré, wanda Sarko ne, ɗan masunta, ya kuma zama ma'aikacin lafiya. Lam Bafillace ne. Kafin wannan fim sun yi Jaguar, labarin ƴan ci-rani zuwa Gwalkwas, wanda aka ɗauka cikin shekarun 1950 ya fito a 1967, sannan suka yi Petit à petit.

Labarin gajere ne. Lam, ɗan kasuwar kaji, yana da wata tsohuwar Citroën 2CV mai suna Patience, wato Haƙuri. Shi da yaron motarsa Tallou (Tallou Mouzourane) sun shiga ƙauyuka neman kaji masu araha da za su kawo kasuwar Yamai. Damouré, mutum mai baki da son banza, ya liƙe masu. Kaji suka yi wuyar samu, mota ta yi ta mutuwa, wata aljana ta sa su gaba, kuma sau uku suna ƙetare kogin Isa da mota, kowane karo da dabara dabam.

3. Mota ce ke ja gaba

A finafinan kasada na Amurka, jarumi yakan fi abin da ke gabansa ƙarfi, mai kallo kuma yana jiran ya ga yadda zai ci nasara. A nan ba haka abin yake ba. Motar Lam ba ta da birki, ba fitila, ba takardu, kuma ita ke yanke shawarar inda za a kwana. An ɗauki fim ɗin da ƙaramar kyamara ta milimita 16 a hannu, ba tare da rubutaccen zance ba, har lalacewar motar ta gaskiya ta riƙa sauya hanyar labarin. Saboda haka, lokacin da muka ga mutum uku sun duƙa kan inji suna gardama, ba mu san inda wasa ya ƙare, inda aiki ya fara ba.

Wannan yana da muhimmanci ga mai kallo na ƙasarmu. Duk wanda ya taɓa shiga motar kasuwa tsakanin Maraɗi da Dakwaro ya san wannan zama: a sauka, a tura, a ɗaure da waya, a ce Allah ya kai mu. Fim ɗin ya ɗauki wannan sani, wanda ba a koyarwa a makaranta, ya mai da shi abin kallo. Tun 1970 akwai gadar Kennedy a Yamai, amma mota marar takardu ba ta da abin yi a inda ake tambayar takardu. Sai a bi ta ruwa. A nan ne dariya ta haɗu da siyasa: an yi gada, amma ba kowa ne aka yi wa ita ba.

4. Zubin tatsuniya

Abu na biyu da ke riƙe mai kallo shi ne zubin labarin, wanda ya yi kama da na tatsuniya. Akwai fita daga gida don neman wani abu, akwai gamo da mutanen ɓoye a daji, akwai jarrabawa da ake maimaitawa sau uku. Damouré kuma ya ɗauki matsayin Gizo: ba shi da jari, ba shi da mota, amma bakinsa ya ba shi kujera. Maimaici a nan ba rauni ba ne. A ƙetarewa ta farko mai kallo yana tambayar ko zai yiwu. A ta biyu da ta uku ya riga ya san zai yiwu, abin da yake jira shi ne ta yaya. Haka yara ke sauraren tatsuniyar da suka riga suka san ƙarshenta.

Ya kamata a lura da yadda aka shigo da aljana. Ba a yi mata wani haske na musamman ko kiɗan tsoro ba. Ta zo kamar yadda faci ko ƙarewar mai ke zuwa, wato ɗaya daga cikin abubuwan da matafiyi zai iya gamuwa da su. Fim ɗin bai tsaya ya ba Bature haƙuri kan wannan imani ba, bai kuma tsaya ya yi masa bayani ba.

5. Barkwanci

Abu na uku shi ne dangantakar mutanen uku. Suna zagin juna, suna zargin juna, kowa na ƙoƙarin kwarar ɗan'uwansa, amma ba wanda ya bar wani a daji. Maganarsu ta bi salon wasan taubasantaka da muka sani tsakanin Fulani da Barebari, ko tsakanin Zabarmawa da Buzaye, al'adar da UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya da sunan Nijar a 2014. A irin wannan wasa, zagi shaida ce ta amana. Mai kallon da ya tashi cikin wannan al'ada yana jin ƙaunar da ke ƙarƙashin gardamar tun kafin labari ya nuna ta, kuma a ganinmu daga nan ne sanyin zuciyar da muka ambata yake fitowa.

6. Da wa ake dariya?

Tun 1965 Sembène Ousmane ya zargi Rouch da kallon mutanen Afirka kamar yadda ake kallon ƙwari. Dole mu auna wannan fim da wannan zargi. Kwatanci da Les dieux sont tombés sur la tête na Jamie Uys (1980), wanda aka yi a zamanin mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu, zai taimaka. Shi ma fim ne na dariya da kasada, shi ma akwai mota marar birki a cikinsa. Sai dai a can, wata murya daga waje ce ke bayyana mana mutumin Kalahari, kuma dariyar na fitowa daga rashin saninsa: bai san kwalbar Coca-Cola ba. A Cocorico, Lam ya san motarsa fiye da wanda ya ƙera ta, kuma shi da abokansa ne ke ƙirƙiro maganarsu. Dariyar na fitowa daga yawan sani, ba daga ƙarancinsa ba.

Duk da haka akwai abubuwa uku da bai dace a rufe ido a kansu ba. Na farko, kyamara na hannun Rouch, kuma akasarin zancen da Faransanci aka yi shi, harshen da yawancin masu kiwon kajin da ake magana a kansu ba sa ji. Na biyu, macen da ta fi fitowa fili a labarin aljana ce, alhali a ƙauyukanmu kiwon kaji galibi sana'ar mata ce. Na uku, Tallou, wanda ke ƙasan kowa a cikin labarin, ba ya cikin sunan «Dalarou». Sai daga baya ne sunan ƙungiyar ya koma «Dalarouta». Bugu da ƙari, shekarar 1974 shekara ce ta fari da yunwa, ita ce kuma shekarar da Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani. Fim mai nuna cewa talaka kullum zai sami dabara yana iya kwantar da hankalin wanda ya kamata hankalinsa ya tashi.

7. Kammalawa

Mun ga cewa ƙarfin wannan fim ya dogara ga abu uku: motar da ke tilasta dabara, zubin tatsuniya, da barkwancin da ke ɓoye amana. Mun kuma ga iyakarsa ta fuskar harshe, da matsayin mace, da rabon suna. Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, Damouré kuma ya rasu a 2009. Aikin da ya rage ga ɗalibanmu shi ne su kai wannan fim gaban masu kallo a Tawa ko Damagaram, da fassarar Hausa, su rubuta wuraren da aka yi dariya da wuraren da aka yi shiru, sannan a kwatanta da abin da masu sharhi na Faransa suka rubuta a kansa.