Wane Ne Ya Rataya a Jikin Agogo?

Akwai wata fitowa da mutane da yawa suke riƙe da ita a ka, alhali ba su san fim ɗin da ta fito ba: wani mutum yana reto a hannun ƙaton agogo, can saman dogon bene, motoci na kai da komo a ƙarƙashinsa. Da an tambaya sai a ce ai Charlie Chaplin ne. To, ba shi ba ne. Harold Lloyd ne, a cikin Safety Last! na shekarar 1923.

Ba mu yi mamakin wannan ruɗani ba. Wanda ya manta mai waƙa, amshi ko karin murya kan kai shi gare shi. Fim marar magana kuwa ba ya bar wa mai kallo komai sai siffa da motsi, saboda haka duk abin dariyar da aka rasa mai shi sai a jingina wa Chaplin, kamar yadda ake jingina wa Gizo kowace dabara a tatsuniya.

A ganinmu, salo ne ke raba gardama. Tauraron Chaplin matalauci ne, yunwa ce abokiyar tafiyarsa, shi ya sa ya dafa takalminsa ya ci a The Gold Rush (1925). Na Lloyd kuwa saurayi ne mai tabarau da dogon buri, yaron kanti da ya hau benen domin ya sami dala 1,000 ya auri budurwarsa. Hawan nan shi ne jigon fim ɗin baki ɗaya, wato neman ɗaukaka ko da rai zai salwanta. Wanda ya ba Chaplin fitowar ya raba ta da ma'anarta, ya kuma tauye haƙƙin mutumin da ya yi wannan reto bayan ya rasa yatsu biyu na hannun dama a wani haɗari a 1919. Haka ake yi wa Buster Keaton, wanda bangon gida ya faɗo a kansa ya tsira ta kafar taga a Steamboat Bill, Jr. (1928), ko gezau bai yi ba.

Waɗannan ma sun yi sa'a, domin finafinansu na nan. Rahoton da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinai marasa magana na ƙasar sun ɓata, saboda sinadarin da aka yi su da shi yana ruɓewa, yana kuma kama wuta. A 2012 laburaren ya fara wani taro mai suna Mostly Lost, inda aka riƙa nuna guntayen da ba su da suna, manazarta su yi ta ƙwaƙulo shaida daga lambar mota, da allon kanti, da kalandar da ke rataye a bango.