Jinjina Ga Masu Yaƙi Da Alƙalami

A Sabon Ibadan, unguwar da Hausawa suka kafa tun 1916, akwai wani bencin mai shayi da nakan zauna da dare. Nan wani matashi ke karanta mana littafin yaƙin da aka kawo daga Kano, duk ya sha jiki har bangonsa ya fita. Da jarumi ya zare takobi sai wurin ya yi tsit, shayi ya huce a kofi.

Ku marubutan littattafan yaƙi, sannunku da aiki. Mai karatu ƙura kawai yake gani ta turnuƙe, bai san daren da kuka raba kuna bambance sulke da lifidi ba, ko lissafin zangon da doki zai ci kafin ƙishirwa ta kayar da shi. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma ƙagaggen labari sai an dasa shi kan gaskiya yake kamawa.

Gado kuka tarar. Bello Kagara ya fara Ganɗoki, wanda ya fito a 1934, da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa kafin ya kai gwarzonsa duniyar aljanu. A 1969 Umaru Dembo ya ɗauki yaro Bahaushe zuwa sararin samaniya cikin Tauraruwa Mai Wutsiya.

Ba don ku ba, da yaron da aka haifa a tsakiyar ƙasar Yarabawa bai san kwalkwali ko barde ba. Allah ya ƙara basira, ya bar alƙalaminku da kaifi.