Jinjina ga masu jinyar farfaɗiya

Mai farfaɗiya daga Jega, Aliero ko Maiyama, idan ciwon ya gagari asibitin garinsu, sai a nufi Birnin Kebbi ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato. Likita zai duba shi, ya rubuta magani. Sauran aikin, mai yawa, na nas-nas ne da mataimakansu.

Su ne ke durƙusawa in ciwon ya tashi, su kwantar da mutum ta gefe, su kare kansa, su hana a cusa masa cokali a baki, ido na kan agogo, domin jijjigar da ta haura minti 5 tana buƙatar allura nan take. Su ne kuma ke zaunar da uwar yaro mai ciwon, su ce mata: "Mama, yawunsa ba ya yaɗa ciwo, ku ci abinci tare." Wannan magana kaɗai ta isa ta mayar da yaro makaranta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya na iya rabuwa da faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace. Ma'aikatan lafiyar ƙauye, irin waɗanda kwalejin kiwon lafiya ta Jega ke yayewa, su ke bibiyar wanda ya daina shan ƙwayarsa saboda ya ga ya ji sauƙi.