Jerin Zuriya Ba Hujjar Tsarkin Jini Ba Ne

A Dutsin-Ma da Kurfi, kafin a ba da aure sai an tambaya, "Ɗan gidan wa ne?" Wasu masu wa'azi da wannan ido suke karanta jerin zuriya na Tsohon Alkawari, kamar don fahariya da asali aka rubuta su. Nassi bai goyi bayansu ba. Rut 4:18-22 ya fara da Feresa, wanda Tamar ta haifa wa surukinta Yahuza, ya bi ta kan Obida ɗan Rut mutuniyar Mowab, ya ƙare da Dawuda. Amincin Allah ga alkawarinsa jerin yake shaidawa. Saboda haka, bawan Allah, kada ka yarda a tone asalin sabon tuba kafin ikkilisiya ta karɓe shi.