"Akwatin sauri" ko "giya"? Nazari a kan sunayen sassan giyar mota

1. Matsalar

Taron Bamako na 1966 da taron Yamai na 1980 sun dubi baƙaƙe da ƙa'idojin rubutun Hausa. Kalmomin sana'a kuwa har yanzu suna bin hanyoyi biyu, kuma babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar bakin masu gyaran mota. Abin da ake kira giya, kuloci da ribas a Kano da Katsina, daga Ingilishi, a garejin Yamai an fi jin sa da sunayen da suka fito daga Faransanci vitesse, embrayage da marche arrière. A Maraɗi, Damagaram da Ƙwanni, inda kayan gyara ke shigowa daga Nijeriya, bakanike ɗaya yakan riƙe sunayen duka biyu. Motocin Peugeot 404 da 504 sun ƙarfafa wannan gamayya, tun da masana'antar Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975.

Mai shirya littafin karatun manya, in ya tarar da suna biyu ga abu ɗaya, yakan so ya kauce musu ya ƙirƙiro na uku. Da yake karatunsa da Faransanci ya yi, hanyar da ta fi masa sauƙi ita ce ya fassara kalma da kalma. Wannan hanya ce ake son a auna a nan.

2. Inda fassarar ta kauce

In aka bi boîte de vitesses kalma da kalma, sai a sami "akwatin sauri". Hausa ce mai kyau a kunne, amma tana koyar da abin da ba haka yake ba. Aikin giya musaya ne tsakanin gudu da ƙarfi. Alal misali, ƙaramar ƙafa mai haƙora 15 in tana juya babba mai haƙora 45, sai ƙaramar ta zagaya sau 3 kafin babbar ta zagaya sau 1. Gudu ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, ƙarfin juyawa ya ninka sau 3. A 504 mai giya huɗu, in an sa lamba ɗaya injin yakan juya kimanin sau uku da rabi kafin sandar fita ta juya sau ɗaya, haƙoran da ke tsakanin ƙafafun baya kuma su sake rage gudun kusan sau 4. Ke nan injin ya juya wajen sau 14 kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Sai a lamba huɗu ne sandar shiga da ta fita ke haɗewa su juya tare. Direban da ya karanta "sauri na ɗaya" ba zai gane dalilin da ya sa ake komawa gare shi a hawan tudu, ko cikin rairayi, ko da lodi mai nauyi ba. Masu sana'a da ke cewa lamba ɗaya, lamba biyu, sun tsira daga wannan ruɗami, domin lamba ba ta yi alkawarin sauri ba.

Sauran kalmomin ma haka suke. Pont zai zama "gada", alhali abin nufi shi ne gidan haƙoran da ke raba juyi ga ƙafafun baya, yana barin ta waje ta fi ta ciki gudu a kan kwana. Point mort zai zama "mataccen wuri", alhali injin na nan yana aiki, an dai raba shi da ƙafafu ne. Kalmar firi ta direbobi ta fi kusa da ma'anar, wato mota a sake, kuma da ita ake iya gargaɗi: wanda ya saki mota firi a gangara ya rasa riƙon injin, nauyin duka ya koma kan birki har ya yi zafi ya daina kamawa.

3. Matsayin kalmomin aro

Hujjar masu ƙin aro ita ce kalmomin baƙi ne. Sai dai Claude Gouffé ya yi nazarin aron Faransanci a Hausar Nijar tun 1971, kuma duk wanda ya saurari gareji zai ji ƙa'idar harshe ɗaya ce ke aiki a kan hanyoyin biyu. Hausa ba ta da sautin v, saboda haka ya koma b a ribas, kamar yadda yake komawa in an ari vitesse ko vidange. Baƙaƙe biyu ba su haɗuwa a farkon gaɓa, shi ya sa wasali ya shiga kuloci da birki. Kalmomin sun sami jinsi, ana cewa giya ta shiga, kuloci ya cinye. Kalmar da ta yi wannan tafiya ta zama ƴar gida. Cikas ɗaya na gaske shi ne, a rubutun da ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, giyar mota da giyar sha kamarsu ɗaya. Amma jimla takan raba gardama.

4. Inda gareji ya gaza

Ba a ce komai na gareji ya wadatar ba. Aparanti yana koyo da ido da hannu: ya san sunan kowane ƙarfe, ya san ƙarar da ke nuna lalacewarsa, amma da wuya a gaya masa dalili. Littafi kuwa dalili ne aikinsa, kuma a nan ƙirƙira take da gurbi. Abin da Faransanci ke kira couple ba shi da alaƙa da ma'aurata. "Ƙarfin murɗawa" ya bayyana shi, kuma duk wanda ya taɓa kwance noti da doguwar sifana ya san shi. Synchro ƙaramin zobe ne, galibi na tagulla, mai daidaita gudun haƙora biyu kafin su sarƙe. In ya cinye, giya takan yi ƙara wajen shiga. "Zoben daidaita gudu" ya faɗi aikinsa. Fourchette kuma, ƙarfen nan mai baki biyu da ke tura giya ta shiga, ya fi kama da gwafa bisa ga cokali. Giyar atomatik, wadda mai ke ɗaukar juyin injin a cikinta a madadin faifan kuloci, ta ƙara yawan abubuwan da ke jiran irin wannan bayani.

5. Shawara

Daga abin da ya gabata ana iya tsayar da ƙa'idoji uku. Na farko, a fara da tattara kalmomi a gareji da tasha kafin a buɗe ƙamus. Na biyu, inda suna biyu ke raye, a rubuta su duka gefe da gefe, domin mai karatu a Madarumfa ko Magariya yana sayen kaya a kasuwanni biyu. Na uku, kada a ƙirƙiri kalma sai ga ma'anar da ba ta da suna, kuma a gina ta bisa aikin abin, ba bisa surar kalmar Faransanci ba. Hanyar gwada kowace sabuwar kalma a sarari take: a karanta wa bakanike ita ba tare da bayani ba. In ya miƙa hannu ya ɗauko ƙarfen da ake nufi, ta cancanci shiga littafi.